Na'urar Tace Mai Ta Hanyar Zuƙe Iska: Matsalolinta Da Yadda Ake Kula Da Ita

Gabatarwa



Wata shekara aka gayyace ni in duba kayan aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. A can ƙurya na tarar da wata na'ura an lulluɓe ta da tsohon labule, ƙura ta yi mata rawani. Na tambayi mai kula da ɗakin abin da ya same ta, ya ce mini ta mutu tun shekara uku da suka wuce, har an rubuta wa hukuma takarda a sayo wata. Muka yaye labulen, muka yini muna bincike. Abin da muka samu shi ne zoben roba guda ɗaya da ya tsage, da kuma baƙin man mota da wani ya ɗura a famfonta maimakon man da aka yi dominsa. Shekara uku ɗalibai suna wucewa ba su taɓa ganin yadda take aiki ba, sabili da abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wannan na'ura ita ce zan yi magana a kanta yau, watau na'urar da ke tace mai da sauran abubuwa masu ruwa-ruwa ta hanyar tururi, bayan an zuƙe iskar da ke cikinta. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, galibin cututtukanta ƙanana ne, kuma ana gano su in an bi tsari daki-daki. Abin da ke kashe ta shi ne garaje wajen aiki da sakaci wajen kulawa.

Me Ya Sa Ake Zuƙe Iska?

Tacewa ta hanyar tururi tsohuwar sana'a ce. Ana dafa abu har ya yi tururi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa, a tare shi a wani mazubi. Da yake kowane abu da irin zafin da yake tafasa, mai sauƙin tafasa shi ke fara fita, ya bar na baya. Tun ƙarni na 9 akwai littafin da ake danganta wa Alkindi na Bagadaza a kan haɗa turare da tace shi ta wannan hanya.

Matsalar ita ce, akwai abubuwan da ke ƙonewa ko su lalace tun kafin su kai ga tafasa. A nan ne dabarar zuƙe iska ta shigo. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna kowane fili da bai wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba, watau santimita ɗaya tsawo da faɗi, da nauyin kimanin kilo guda. Masana suna auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira miliba, kuma a bakin teku ya kai miliba 1,013. Ruwa ba ya tafasa sai ƙarfin tururinsa ya kai na matsin da ke danne shi. Saboda haka a Legas ruwa na tafasa a digiri 100, a Jos kuwa, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. In aka rufe tukunya aka zuƙe iskarta har matsin ya sauka zuwa miliba 200, ruwa zai tafasa a digiri 60. A miliba 100 zai tafasa a digiri 46. A miliba 32 kuwa zai yi ta ɓararraka a digiri 25, alhali ko ɗumi bai yi ba.

Wurin da aka zuƙe wa iska zan riƙa kiransa fanko a cikin wannan lacca. Bahaushe bai jahilci fanko ba. Wanzami idan ya kafa ƙaho, zuƙe iskar ciki yake yi da bakinsa, ya toshe 'yar kafar da ke sama, sai ƙahon ya kama fata. Ya kuma san cewa da zarar toshiyar ta saki, ƙaho ya faɗi. Duk abin da zan faɗa nan gaba ƙarin bayani ne a kan abin da wanzami ya riga ya sani.

Taƙaitaccen Tarihi Da Wuraren Amfani

A shekarar 1643 wani masani ɗan Italiya, Toriceli, ya nuna cewa nauyin iska na iya ɗaga zaiba a cikin bututun gilashi har kimanin milimita 760. Wajen 1650 Oto fon Gerike, magajin garin Magdebog a Jamus, ya ƙera famfon zuƙe iska. Ya haɗa wasu ƙoƙuna biyu na tagulla baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawaki takwas ta kowane gefe suka kasa raba su. A 1813 Edwad Hawad ya fito da tukunyar dafa ruwan rake a cikin fanko a Ingila, domin sukari ya daskare ba tare da ya ƙone ba. A farkon ƙarni na 20 wani Bajamushe, Wolfgan Gede, ya ƙirƙiro nau'o'in famfo da har yau ake aiki da jikokinsu, kuma a shekarun 1930 aka fara fitar da bitamin A daga man hantar kifi a Amurka ta hanyar fanko mai zurfi.

A yau wannan dabara tana cikin rayuwarmu ta kullum. A matatar man fetur, bayan an fitar da fetur da kananzir da man gas, ragowar mai kauri ba ta jure zafin da ya wuce digiri 370 zuwa 400 sai ta fara farfashewa tana zama gawayi. Sai a shigar da ita hasumiyar fanko, daga nan ake samun tushen baƙin mai da kakin kyandir da kwalta. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da irin wannan sashe, kuma ɓangarenta na baƙin mai ya fara aiki a 1983. Man gyaɗa da man ja da ake tacewa a masana'anta ana cire musu wari da tururi a zafin digiri 220 zuwa 260, a matsin da bai wuce 'yan miliba kaɗan ba. Masu haɗa magunguna da turare su ma da ita suke aiki. A ƙasashen da doka ta yarda, kamar Kanada tun 2018, da irin wannan na'ura ake tace man tabar wiwi, kuma a wannan shekarar ce hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara da ake samu daga wannan tsiro. A Nijeriya doka ta haramta tsiron, sabili da haka misalaina za su tsaya ga na'urar kanta, wadda halinta ɗaya ne ko me aka zuba mata.

Sassan Na'urar

Ko ƙarama ce ta kan tebur, ko babba mai hawa goma, sassanta ba su wuce shida ba. Akwai tukunyar da ake dafa mai, wadda a ɗakin gwaji tulun gilashi ne mai zagayayyen gindi. Akwai bututun sanyaya tururi, wanda ruwa ke zagaye shi. Akwai mazubin da ke tarar abin da aka tace. Akwai tarkon sanyi, watau wata kwalba da ake tsomawa cikin abu mai tsananin sanyi domin ta kama tururin da ya kuɓuce. Akwai famfon zuƙe iska. Sa'an nan akwai ma'aunai, na zafi da na matsi. Tsakanin waɗannan akwai mesa da bawul da mahaɗai, kuma a nan ne yawancin rigima take ɓuya.

Ga mai da ba ya son zafi ko kaɗan, akwai wata iri da ake shafa man a jikin bango mai zafi da wasu 'yan fikafikai masu juyawa, ya zama siririn shafe, ya yi 'yan daƙiƙu kawai a cikin zafi. Bututun sanyaya yana tsakiya, 'yan santimita kaɗan daga bangon. Dalili kuwa shi ne, idan matsi ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin dubu na miliba, ƙwayar tururi tana iya tafiyar santimita shida ko bakwai ba ta yi karo da wata ba, sai ta tsallaka kai tsaye daga bango mai zafi zuwa bututu mai sanyi.

Babban Kuskure

Idan aiki ya fara ja da baya, mai ya rage ɗigowa, abin da hannun ma'aikaci ke fara kaiwa gare shi shi ne maɓallin wuta, ya ƙara zafi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane ɓarna. Galibi abin da ya faru shi ne fanko ya raunana, matsi ya hau, zafin tafasa ya hau tare da shi. In an ƙara wuta mai zai ci gaba da fitowa, amma da baƙi da ƙauri. Masana harhaɗa sinadarai suna ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewar abu kamar sau biyu, watau ƙarin digiri 20 ya ninka shi sau huɗu. Idan kuwa raunin fankon daga yoyon iska ne, to an haɗa mai mai zafi da iskar oksijin, wanda shi ne ainihin abin da aka sayi na'urar domin a guje masa. Ƙa'idar farko ke nan: a dubi ma'aunin matsi kafin a taɓa wuta.

Yadda Ake Binciken Cuta

Likitan kirki ba ya yanka mara lafiya kafin ya auna shi. Idan fanko ya ƙi sauka inda ya saba, a bi matakai biyar, kada a tsallake ko ɗaya.

Na farko, a tuhumi ma'auni. Ma'auni mai allura irin na masu facin taya ba ya iya bambanta miliba 1 da kashi ɗaya cikin ɗari na miliba, alhali a wannan aiki tazarar da ke tsakaninsu kamar ta dare da rana ce. Ma'aunin Pirani, wanda aka ƙirƙiro a 1906, yana aiki da siririyar waya mai zafi, kuma an daidaita shi ne da busasshiyar iska. Idan tururin ruwa ko na wani sinadari ya shige shi, ko mai ya shafi wayar, sai ya faɗi abin da ba shi ne ba. Wurin da aka kafa shi ma abin lura ne, domin wanda ke bakin famfo labarin famfo yake bayarwa, na tukunya yana iya fin haka muni ƙwarai.

Na biyu, a gwada famfo shi kaɗai. A cire shi daga na'ura, a kafa ma'auni a bakinsa, a bar shi ya yi aiki na rabin sa'a har ya yi ɗumi. Famfo mai mai, mai hawa biyu, in yana da lafiya yana sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na miliba. Idan ya kasa, a sake masa mai a kuma gwadawa. Idan ya kai, to laifin yana gaba.

Na uku, a riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya, da fari mesa, sa'an nan tarkon sanyi, sa'an nan mazubi, har zuwa tukunya, ana toshe ƙarshen kowane, ana rubuta abin da ma'auni ya nuna. Sashen da aka ƙara matsi ya yi tsalle, shi ne mai laifi.

Na huɗu, a rarrabe tsakanin yoyo da tururin ciki, domin alamarsu ɗaya ce amma maganinsu daban. A zuƙe na'urar babu kome cikinta, a rufe bawul ɗin da ke tsakaninta da famfo, a riƙa rubuta matsi kowane minti. Idan yana hawa bai-ɗaya ba tsayawa, iska ce ke shigowa daga waje. Idan ya hau da sauri sa'an nan ya lafa ya tsaya, to danshi ne ko ragowar sinadarin wanki ke tururi a ciki. Kada a raina wannan danshi. Giram ɗaya na ruwa, watau ɗigo ashirin ko makamancin haka, idan ya zama tururi a matsin miliba 1 yana cika fiye da lita 1,300. Famfon da ke jan lita 100 a minti zai yi minti goma sha uku yana fama da wannan ɗan ruwa kaɗai. Wannan ne ya sa ake busar da gilashi sarai bayan an wanke shi, kuma ake fara dafa mai a ɗan zafi da matsakaicin fanko, ruwa da iskar da ke cikinsa su fita, kafin a shiga ainihin aiki.

Na biyar, in ya tabbata yoyo ne, a nemi kafar. Ana ɗiga ɗan sifirit a kan mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana sanye, nesa da wuta, ana kallon ma'aunin Pirani. Inda ya motsa, nan ne kafar take. Manyan masana'antu suna fesa iskar hiliyom, wata na'ura ta musamman tana shinshino ta daga ciki. Inda aka fi samun yoyo shi ne zoben roba da ya bushe ko ya tsage, bakin mesa da ya saki, mahaɗin gilashi da giris ɗinsa ya zurare, da wurin da sandar juyawa ke shiga tukunya. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zobe ta isa. Mahaɗin gilashi da aka shafa wa giris daidai yana zama garau kamar ruwa, in an ga zane-zane a cikinsa to hanyar iska ce. Ɗaure kusa da ƙarfin tsiya ba ya maganin yoyo, sai dai ya murƙushe zoben.

Akwai kuma wata cuta da babu yoyo babu danshi, ita ce ta mesa. A fanko mai zurfi, yawan iskar da bututu ke iya wucewa da ita yana bin faɗinsa ninki uku, watau in an ninka faɗin sau biyu, abin da ke wucewa ya ninka sau takwas. Wanda ya sayi babban famfo ya haɗa shi da doguwar siririyar mesa, kamar wanda ya haƙa rijiya ne ya ce da tsinke za a sha. Mesa ta zama gajera, mai faɗi, mai kaurin da ba za ta lotse ba.

Man Famfo

Mai shi ne jinin famfo. Shi ke toshe 'yan ratar da ke tsakanin fikafikansa da bango, shi ke sanyaya shi, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. An tace shi ne musamman yadda ba zai yi tururi a fanko ba, abin da ya sa baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. A jikin famfo akwai ɗan tagar gilashi, wanda ya kamata a leƙa kowace safiya. Mai mai lafiya garau yake kamar zuma farar saƙa. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shige shi. In ya yi baƙi da kauri, ya ƙone. In kuwa yana ƙaruwa alhali ba wanda ya ƙara, to tururi ne ke wuce tarko yana komawa ruwa a cikinsa.

Akwai wani ɗan bawul a jikin famfo, wanda Gede ya ƙirƙiro a 1935, da ke shigar da 'yar iska da gangan domin ta kwashe tururi kafin ya narke a cikin mai. Ma'aikata da yawa suna shekaru ba su san amfaninsa ba. Bayan an tashi aiki, a rufe bakin famfo, a buɗe wannan bawul, a bar shi yana gudu rabin sa'a ko sa'a guda. Haka kuma kada a buɗe wa famfo tururi yana da sanyi, a bari ya yi ɗumi tukuna. Idan za a juye tsohon mai, a juye shi da ɗuminsa, domin ya fita da dattin. Shi kuma tarkon sanyi, a zubar da abin da ya kama kullum, domin in ya huce duk abin da ke ciki famfo zai nufa.

Matsalolin Da Ke Tasowa Ana Cikin Aiki

Wani lokaci mai yakan yi shiru, sa'an nan ya yi wata irin tafasa gaba ɗaya ya fantsama cikin mazubi, ya ɓata abin da aka tara. Maganinsa shi ne a riƙa juya shi ba fasawa, kada a cika tulu fiye da rabi, kuma a saukar da matsi sannu a hankali. 'Yan tsakuwan da ake jefawa a tukunyar da ke buɗe ba su da amfani a fanko, domin iskar da ke cikin ramukansu, wadda ita ce sirrinsu, an zuƙe ta.

Bututun sanyaya yana da cuta biyu. In ya yi ɗumi tururi ya wuce, in ya yi sanyi fiye da kima mai mai kauri ya daskare ya toshe hanya. A ƙasarmu ta farko ta fi yawa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ruwan tankin da ke kan rufi ba ya sanyaya kome, kuma fankon da aka samu da hunturu ba za a same shi ba. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin bututu, wanda ke hana zafi fita. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe fankar injin famfo, tana kuma kwanciya a kan duk zoben da aka ajiye a buɗe.

Sai kuma ɗaukewar wuta, wadda ba baƙuwarmu ba ce. Idan famfo ya tsaya alhali na'ura tana cikin fanko, fankon zai zuƙo man famfo ya biyo mesa har cikin abin da aka tace. Famfunan zamani suna da bawul mai rufe kansa, amma shi ma yana tsufa. Lalle ne kowane ma'aikaci ya haddace abin yi: ya rufe bawul ɗin da ke tsakanin famfo da na'ura nan take, ya janye wuta, ya buɗe wa famfo iska ta gefensa, ya bar tukunya a rufe har ta huce.

Haɗari

Tulun gilashi mai cin lita biyar, in an zuƙe shi, nauyin da iska ke ɗora masa ta kowane gefe in an tara ya fi tan guda. Zagayen siffarsa ne ke sa ya jure. 'Yar tsaga mai kamar tauraro, wadda sai an ɗaga shi ga haske ake gani, ta isa ta sa ya rufta ciki, gilashi ya watsu kamar harsashi. A duba kowane tulu kafin aiki, kada a sa mai shimfiɗaɗɗen gindi a fanko, a sa tabarau da kariya.

Kada a buɗe wa mai mai zafi iska, domin yana iya kamawa da wuta. A bari ya huce, ko a cika na'urar da iskar naitirojin. Masu sanyaya tarko da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifiri, su sani cewa iskar oksijin tana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri. In na'ura tana yoyo, wani ruwa mai shuɗi-shuɗi zai taru a tarko, kuma haɗuwarsa da mai ko giris na iya jawo fashewa. Ƙanƙarar iskar kabon, mai digiri 78 ƙasa da sifiri, ba ta da wannan haɗari. Hayaƙin famfo kuma a fitar da shi waje da bututu.

A Manyan Masana'antu

A matatar mai ba famfo irin na kan tebur ake amfani da shi ba. Tururi mai ƙarfi ake furzawa ta ƙuntataccen baki, gudunsa ya ja iskar hasumiya ya tafi da ita, a jera irin wannan hawa biyu ko uku da masanyaya a tsakaninsu. Cututtukan su ne dai waɗanda muka gani, sun sake riga. In ƙarfin tururi ya gaza abin da aka tsara, ko ya zo da ruwa a cikinsa, fanko ya karye. In ruwan sanyaya ya yi ɗumi ko bututunsa ya yi datti, fanko ya karye. Bututun da ke sauke ruwa daga masanyaya dole tsawonsa ya wuce mita 10, domin nauyin iska na iya ɗaga ruwa har kimanin mita 10.3, darasin Toriceli ke nan. Kuma a can ma, injiniyan da ya rufe raunin fanko da ƙarin wuta, gawayi zai toshe masa bututun tanderu, a tsayar da sashe duka domin a kankare.

Littafin Aiki Da Nauyin Ma'aikata

Duk matakan binciken da na lissafa sun dogara ga sanin yadda na'ura take lokacin da take da lafiya. Ranar da aka kafa ta, a rubuta iyakar fankon da famfo ya kai shi kaɗai, da wanda na'ura ta kai babu kome ciki, da mintocin da ta ɗauka, da saurin hawan matsi bayan rufe bawul. Daga nan kowace rana a rubuta matsi da zafi da launin mai da sunan mai aiki. Cuta ba ta faɗowa rana ɗaya, wanda ke rubutu zai ga tana tahowa tun da saura makonni. Idan ma'aikaci ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki, littafin nan shi ne gadon da zai bar wa na baya.

A nan zan juya ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, musamman masu tsara kasafi da masu sayen kaya. Sayen na'ura yana da biki da hoto a jarida, sayen galan na mai da ƙunshin zobba ba shi da ko ɗaya, amma na biyun ne ke raya na farkon. Ina ba da shawara huɗu. Kada a sa hannu a kwangilar sayen na'ura sai da man famfo da zobba da fikafikai da gilashin canji na aƙalla shekara biyu a ciki. A sa sharaɗin koyar da ma'aikata biyu ko uku, kada ilmin ya tsaya ga mutum ɗaya. A ware kuɗin kulawa a kasafin kowace shekara, a kuma ba shugaban sashe ikon sayen ƙananan kaya ba tare da takarda ta yi wata shida tana yawo daga tebur zuwa tebur ba. Kafin kuma a rubuta cewa na'ura ta mutu, a nemi ganin sakamakon gwajin famfo da na hawan matsi a rubuce.

Kammalawa

Ku ɗalibai, idan kun fita kuka sami kanku a gaban irin wannan na'ura, za a sami ranar da mai zai ƙi ɗigowa, shugaba yana tsaye a kanku yana jiran sakamako. A ranar ku janye hannu daga maɓallin wuta, ku ɗauko littafi, ku fara da ma'auni, sa'an nan famfo, sa'an nan sassa ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan aiki rigakafin bai wuce leƙa tagar mai da safe, da share zobe kafin a ɗaura, da rubuta lambobi huɗu ko biyar a littafi ba. Ina kyautata zaton cewa a ma'aikatu da makarantun da kuka fito akwai na'urorin da ke kwance ƙarƙashin labule. Ina roƙonku idan kun koma ku yaye labulen ku gwada su, kafin a rubuta takardar sayen sababbi.